Tarihin Girkin Yau da Kullum a Ƙasar Hausa: Shaidar da Ke Cikin Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga sarauta da yaƙi da fatauci da yaɗuwar addini. Abin da ake ɗorawa a murhu safe da yamma bai samu irin wannan kulawa ba, watakila saboda aiki ne na cikin gida, kuma a hannun mata yake, su kuwa ba su bar mana kundaye a rubuce ba. Sai dai rashin kundi bai hana a samu shaida ba, domin harshe da kansa rumbu ne da ke adana labarin abin da masu shi suka ci, da inda suka samo shi, da yadda suka sarrafa shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin girkin yau da kullum na Bahaushe, wato tuwo da miya da dangoginsu, ta hanyar duba kalmomin da suka shafe shi tare da abin da masu tona kayan tarihi da matafiya suka bayyana. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kayan da ake zubawa a tukunya sun sha sauyawa, kuma sunayensu da yawa na aro ne, amma matakan sarrafa su, da aikatau ɗin da ke bayyana waɗannan matakai, na gida ne, kuma su ne suka riƙe ingancin girki tsawon ƙarnoni. Daga ƙarshe za a duba yadda ƙarni na 20 ya taɓa waɗannan matakai, da abin da hakan ya ɗora a wuyan masu nazarin harshe.

2.0 Tushen Tukunya

Abincin Bahaushe na asali ya ginu ne a kan hatsi da wake da ganye, kuma dukkansu 'yan nahiyar Afirka ne. Masu tona kayan tarihi sun samu shaidar noman gero a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali tun kimanin shekaru 4500 da suka wuce. Dawa kuwa an samu shaidar fara noma ta a gabashin Sudan, kusa da Kasala, kimanin shekaru 5000 baya. Ita ma shinkafar Afirka, mai jan bawo, an fara noma ta ne a fadamun kogin Kwara da ke cikin Mali, tun kafin zuwan farar shinkafar Asiya. Wake da acca da iburu da gurjiya su ma tsofaffin amfanin gona ne na Afirka ta Yamma.

A nan gida Nijeriya, tonon da aka yi a yankin Nok, a kudancin jihar Kaduna, ya nuna cewa mutanen wurin suna cin gero da wake tun kimanin shekaru 3000 da suka gabata. Binciken da aka wallafa a 2021 ya gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu, wani kuma na 2022 ya gano alamar dafa ganyaye. Ba a cewa mutanen Nok Hausawa ne, amma wannan ya isa ya tabbatar da cewa haɗa hatsi da dafaffen ganye, wanda shi ne ƙashin bayan tuwo da miya, daɗaɗɗen abu ne a wannan shiyya.

Rubuce-rubucen matafiya sun ƙarfafa wannan magana. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratsa daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci wani abin sha da ake kira daƙnu, wanda ake yi da dakakken hatsi da ruwa da ɗan zuma ko nono, kuma duk wanda ya san fura zai ga dangantakar. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550, ya siffanta ƙasashen Kano da Zamfara da yalwar hatsi da shinkafa da auduga. Heinrich Barth, da ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ambaci tuwo da fura da daddawa da sunayensu na Hausa, kamar yadda ake kiran su har yau. Gaskiyar masu iya magana da suka ce ba a sake wa tuwo suna.

3.0 Matakan Girki da Sunayensu

Kafin zuwan sikeli da agogo, abin da ke tabbatar wa mace cewa girkinta na yau zai fito kamar na jiya shi ne bin matakai daki-daki, kowane mataki da sunansa da kuma alamar da ke nuna ya kammala. A cikin waɗannan sunaye ne ilmin yake. Yarinya takan koye su a gindin murhu, daga uwa ko kishiyar uwa ko goggo, tun tana riƙe faifai har ta kai ga riƙe muciya.

3.1 Daga Tsaba zuwa Gari

Bayan an sussuke hatsi an sheƙe ƙaiƙayi, sai surfe, wato a yayyafa wa tsaba ruwa a daka ta a turmi har dusa ta fita. Daga nan sai bakace, sa'an nan a wanke, a rege tsakuwa da ƙwarya. Ruwan wankin ma yana da suna, ƙasari, kuma dabbobi ake ba shi. Idan tsaba ta tsane sai a daka ko a niƙa a dutse, a tankaɗe da rariya, gari ya koma gefe guda, tsaki gefe guda. Abin da bai yi laushi ba a mayar da shi turmi a riɓɗa. Idan kuwa dambu ko fate ake nufi, ɓarzawa ake yi ba niƙawa ba. Ke nan tun kafin a hura wuta an riga an yi amfani da aikatau kusan goma, kuma babu ɗaya da ke maye gurbin ɗan'uwansa.

3.2 Tuƙin Tuwo

Idan ruwa ya tafasa, sai a dama gari kaɗan da ruwan sanyi a zuba ana juyawa. Wannan shi ne talge, a wasu wurare kuma a ce ruɗe. Akan rufe shi har ya nuna sosai, domin idan aka yi gaggawar zuba gari a kan ɗanyen talge, tuwo zai yi warin gari, kuma idan ya kwana sai ya saki. Wasu kan ɗebi talgen su ajiye gefe, don su daidaita tauri da shi daga baya. Sa'an nan sai tuƙi, ana barbaɗa gari ana murza shi da muciya a jikin tukunya har gudaji su mutu. Daga nan a janye itace, a rufe tukunya tuwo ya sulala, a sake tuƙawa, a kwashe da mara a malmala. Abin da ya kama a gindin tukunya shi ne ƙanzo, wanda ya kwana aka mayar wuta shi ne ɗumame, wanda kuma babu miya a kansa gaya ne.

Akwai hikima a cikin abin da ake sa wa talge. Wasu kan zuba ruwan tsamiya, wasu ruwan kanwa ko na toka. Tuwon da aka sa wa tsami ya fi jure kwana ba tare da ya lalace ba, wanda kuma aka sa wa kanwa launinsa yakan sauya, ya yi santsi. A ƙasa mai zafi, inda babu na'urar sanyaya abinci, kuma ɗumame shi ne karin kumallon yawancin gidaje, wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

3.3 Miya da Daddawa da Kanwa

Miyar gargajiya kaɗa ta ake yi. Akan ɗora sanwa da daddawa da kayan yaji da nama ko kifi idan akwai, sai sun dahu sun haɗe jiki sa'an nan a barbaɗa garin kuka ko busasshiyar kuɓewa ko karkashi ana kaɗawa da maburgi. Ƙa'idar ita ce ruwan miya ya nuna kafin ganye ya shiga, domin kuka ba ta son doguwar wuta.

Jigon wannan miya shi ne daddawa, wadda ake yi da kalwa, wato ƙwayar ɗorawa. Akan dafa kalwa yini guda ko fiye, a surfa ta bawo ya fita, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa ta yi yauƙi, sa'an nan a kirɓa, a faɗaɗa, a shanya. Masana kimiyya, irin su Odunfa na Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1980, sun nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta ne ke narka sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar, su fitar da ɗanɗanon da ke kama da na nama. Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa, ko ma fiye, sinadarin gina jiki ne, don haka a gidan da nama sai sallah, ita ce ke cike giɓin. Wannan fasaha ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Yarabawa suna da iru, Mandinkawa suna da sumbala, a ƙasar Hausa kuma akwai daddawar batso da ake yi da ƙwayar yakuwa. Itaciyar ɗorawa ita ce Robert Brown ya raɗa wa sunan kimiyya Parkia a 1826, don tunawa da Mungo Park.

Kanwa da gishiri kuwa fatake ne ke kawo su, kanwa daga Barno da Manga da gaɓar tafkin Chadi, gishiri daga Bilma da Foga da sauran wurare, kamar yadda Lovejoy (1986) ya yi bayani filla-filla. Kanwa tana sa wake ya yi saurin dahuwa, tana ƙara wa kuɓewa yauƙi, tana kashe tsamin yakuwa, tana kuma haɗa ƙullun ɗanwake. Yadda take shiga ko'ina ne ya sa ake kiran mai haɗa husuma kanwa uwar gami. Amma ya kamata a faɗi cewa ba kowace al'ada ce ta tsira daga illa ba. Binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta.

Abin lura a nan shi ne, idan aka jera aikatau ɗin girki, kamar dafa, soya, toya, gasa, babbaka, turara, sulala, tafasa, dama, tuƙa, kaɗa, kirɓa, daka, niƙa, markaɗa, jajjaga, jiƙa, tace, ba a ganin alamar aro daga Larabci ko Ingilishi a jikinsu. Sunayen kayan girki kuwa labarinsu daban ne.

4.0 Baƙin da Suka Shigo Tukunya

4.1 Ta Hanyar Sahara

Greenberg (1947) da Hiskett (1965) sun yi nazarin kalmomin Larabci da suka shigo Hausa, kuma ɗakin girki ya samu kasonsa. Ga misalai:

(1) albasa daga al-basal
(2) alkama daga al-ƙamh
(3) alkaki daga al-ka'ak
(4) alewa daga halwa
(5) gurasa daga ƙursa
(6) kanumfari daga ƙaranful
(7) mudu daga mudd

A misalai na (1) zuwa (3) an haɗiye harafin tabbatarwa na Larabci, wato al-, ya zama ɓangaren kalma. Abin da waɗannan kalmomi ke nunawa shi ne hulɗar kasuwanci da Arewacin Afirka ta kawo alkama da abincin da ake yi da ita. Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci kasuwar Kano a 1824, ya ga ana sayar da abincin alkama iri uku, ɗaya ana zuba masa zuma da narkakken man shanu, ya kuma ga masu tsire sun kafa tsinkayensu kewaye da wuta. Duk da haka abincin alkama, irin su funkaso da alkaki da taliya da dashishi, ya tsaya ne a matsayin abincin birni da na buki da na gara. Bai ture tuwon dawa daga murhun talaka ba.

4.2 Amfanin Gonar Amurka

Bayan 1492 wasu tsirrai daga nahiyar Amurka suka bazu a duniya, suka iso ƙasar Hausa, wasu ta bakin teku, wasu ta hanyar gabas da arewa. Daga cikinsu akwai masara da rogo da gyaɗa da dankali da barkono da tumatir da gwanda. Yadda aka raɗa musu suna yana da ban sha'awa, domin sau da yawa Bahaushe bai ari sunan baƙo ba, sai ya duba abin da ya yi kama da shi a gida. Masara ta samu sunanta daga Masar, wato dawar Masar, abin da ke nuna hanyar da aka ɗauka ta biyo. Gwanda ta samu sunan wata itaciya da ke nan tun asali, wadda yanzu sai an ce gwandar daji ake gane ta. A karin harshen yamma, kamar Sakkwato da sassan Nijar, gujiya ake kiran gyaɗa, alhali a Kano gurjiya ita ce tsohuwar ƙwayar Afirka da wasu ke kira kwaruru. Dankali kuwa ya zauna har ya zama ɗan gari, ta yadda da ɗan'uwansa ya zo a zamanin Turawa sai aka ce da na farko dankalin Hausa, na biyu dankalin Turawa, alhali dukkansu daga nahiya ɗaya suka fito.

Mafi girman tasiri shi ne na barkono. Kafin zuwansa, yajin miya yana fitowa ne daga masoro da kimba da citta da fasaƙwari. Barkono ya karɓe wannan matsayi, su kuma suka koma ga kunu da fura da yajin jego da magani. Amma duk waɗannan baƙi sun bi ƙa'idar da suka tarar. Masara surfa ta ake yi a niƙa a tuƙa kamar dawa, barkono kuma daka shi ake yi kamar masoro.

4.3 Musaya da Maƙwabta

Fataucin goro zuwa Gwanja, da zaman Hausawa a zangonni da unguwannin Sabo na kudu, sun haifar da musayar abinci da kalmomi ta fuska biyu. Hausa ta karɓi alale da agushi da teba da agwaluma daga Yarabanci, har ma da ashanar da ake hura wuta da ita. Ita ma ta bayar. Àlùbọ́sà ta Yarabanci da osikapa ta Ibo suna komawa ga albasa da shinkafa, haka kuma kalmomin suya da kunu da zobo sun zama na Nijeriya baki ɗaya. A Ghana, waakye daga wake ya samo suna, tuo zaafi kuma daga tuwon zafi. Wannan fage ne da masu nazarin harsunan Nijeriya za su iya haɗa hannu a kai, domin kalma ɗaya takan bayyana hanyar da fatake suka bi fiye da yadda taswira za ta nuna.

5.0 Ƙarni na 20: Lokacin da Matakai Suka Fara Raguwa

Sauye-sauyen da aka ambata a baya duk sun shafi abin da ke cikin tukunya ne. Na ƙarni na 20 kuwa sun taɓa aikin hannu da kansa. Za a iya kasa su gida huɗu.

Na farko shi ne sufuri. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka wadata, manja kuma ya samu hanyar zuwa arewa cikin sauƙi. A da man shanu da man kaɗanya ne a kan tuwo. Da mai ya yi araha, tumatir kuma ya yawaita ta hanyar noman rani, sai soyayyar miya, wato miyar dage-dage, ta samu gindin zama kusa da kaɗaɗɗiyar miya.

Na biyu shi ne sauyin hatsi. Ayyukan bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, tare da ingantaccen iri da takin zamani mai rangwame, sun sa masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama hatsin tuwo a gidaje masu yawa. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya buɗe ƙofar shigo da shinkafa daga waje, abincin da a da sai sallah ko buki ya zama na kowace rana. Nan ma harshe ya yi rajista, domin sai da aka samu 'yar waje sa'an nan aka fara cewa shinkafa 'yar Hausa ko 'yar gida.

Na uku shi ne inji. Injin niƙa da na surfe da na markaɗe, waɗanda suka bazu daga tsakiyar ƙarnin, sun sauke wa mata wahala mai yawa, kuma babu mai hankalin da zai yi kukan rabuwa da dutsen niƙa. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauko daga bakinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, ya isa shaida a kan yadda aikin abinci ke cinye yinin mace. Sai dai da aikin ya koma gidan inji, kalmomin da ke tare da shi sun fara ja da baya. Yarinyar birni da ta tashi da garin leda ba ta da dalilin sanin riɓɗi ko ƙasari, balle lugude da waƙoƙin daka da na niƙa.

Na huɗu shi ne kayan masana'anta. Dunƙulen Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908, ya bazu a kasuwannin Nijeriya daga shekarun 1960 zuwa 1970, har sunan ya zama gama-gari: kowane dunƙule magi ne, farin sinadarin ɗanɗano kuma farin magi. Abin da ya jawo karɓuwarsa shi ne yana ba da irin ɗanɗanon da daddawa ke bayarwa, ba tare da wari ko wahalar kwana uku ba. Amma kusan rabin dunƙule gishiri ne, kuma ba ya ɗauke da abin gina jiki irin na daddawa. Haka nan taliyar Indomie, wadda aka buɗe masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, ta kawo abincin da ba ya bukatar komai sai tafasa. Ita ma tsohuwar taliya sai da ta nemi ƙarin suna, ta zama taliyar Hausa ko 'yar murji.

6.0 Awo da Rubutu

Bahaushe yana da awonsa tun da daɗewa: mudu da tiya da ƙwarya da ludayi da tafi, daga baya kuma kwano da gwangwani. Amma waɗannan sun fi aiki a kasuwa da wajen fitar da hatsin cefane da zakka. A gindin murhu ido da hanci da hannu ne ma'auni. Ana gane ɗanwake ya yi idan ya taso saman ruwa, ana gane ƙullun waina ya yi idan ya kwana ya tashi, ana gane soyayyar miya ta yi idan mai ya taso kuma tsamin tumatir ya fita. Irin wannan awo yana da fa'idar da kofi da minti ba su da ita, domin yana bin halin kayan aiki. Sabuwar dawa da tsohuwa ba sa shan ruwa daidai, wutar kara da ta gawayi da ta iskar gas ba ɗaya ba ce, amma alamar nunar talge ɗaya ce a ko'ina.

Rubuta ƙa'idojin girki ya shigo Nijeriya ne ta makarantu. A kudu an buga littafin girkin Yarabawa na Kudeti a 1934, da na Rhoda Williams a 1957, dukkansu da Ingilishi. A arewa darasin kula da gida ya shigo tare da makarantun 'yan mata na boko, daga baya kuma filayen mata na jaridu da rediyo da talabijin suka ɗauka, har zuwa shirye-shirye irin su Akushi da Rufi na tashar AREWA24 da ɗimbin masu koyar da girki a intanet. Wannan ci gaba ne, domin ya kai ilmin inda uwa ko goggo ba ta kusa. Sai dai tsarin da aka gada daga littattafan Turai, wato jerin kayan haɗi sa'an nan umarni a taƙaice, yakan fifita suna a kan aikatau. Ana lissafa kofi nawa da cokali nawa, a bar alamar da za ta nuna mataki ya kammala.

Wani abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne yadda aro ya fara shiga aikatau, inda a da bai shiga ba. A yau ana jin a yi bilendin maimakon a markaɗa, a yi fabolin maimakon a ba shi tafasa ɗaya a tsane, a yi sitimin maimakon a turara. Aron suna ga sabon abu ba laifi ba ne, haka Hausa ta yi da albasa da alkama. Amma a nan abin da ake arowa yana da sunansa a gida, kuma na gidan ya fi rarrabewa. Mai cewa sitimin ya haɗe turara da sulala wuri guda, mai cewa bilendin kuma ya shafe bambancin markaɗe da jajjage, alhali miyar da aka yi da ɗaya ba ta zama daidai da wadda aka yi da ɗayan.

Ƙamusun da muke da su sun yi ƙoƙari. Dalziel (1916) ya tattara sunayen tsirrai, Bargery (1934) ya adana ɗimbin kalmomin abinci na karuruwan harshe daban-daban, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) kuma ya ba da ma'anoni da Hausa. Amma ƙamus na gama-gari yakan tsaya ga ma'anar kalma, ba ya nuna matsayinta a jerin aiki. Wanda ya karanta ma'anar talge bai zama ya san lokacin da talge ya nuna ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tukunyar Bahaushe ba ta taɓa rufe bakinta ga baƙo ba. Ta karɓi alkama da albasa daga arewa, masara da barkono daga ƙetaren teku, alale da agushi daga kudu, ta kuma aika da nata zuwa ga maƙwabta. Abin da ya sa duk wannan bai rikita ta ba shi ne tsayayyun matakai masu suna, waɗanda kowane baƙo ke bi kafin ya zama tuwo ko miya. An kuma ga cewa ƙarni na 20 ya rage waɗannan matakai ta hanyar inji da kayan masana'anta, wanda ya kawo sauƙi na gaske, amma ya bar kalmomi da yawa ba su da wurin aiki.

Saboda haka akwai bukatar sassan nazarin harsunan Nijeriya su ɗauki kalmomin girki a matsayin fagen bincike mai zaman kansa. Ya kamata a je ga tsofaffin mata na Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Damagaram, a naɗi bayaninsu suna cikin aiki, a rubuta kowane aikatau tare da matakin da ya gabace shi, da wanda ke biye da shi, da alamar kammaluwarsa, a kuma kwatanta da abin da ke akwai a Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarabanci da Ibo. Masu rubuta littattafan girki da Hausa su ma ya dace su haɗa awon zamani da alamun gargajiya, kada su ɗauki ɗaya su yar da ɗaya. Waɗanda suka san wannan ilmi a aikace suna raye a yau, amma yawancinsu shekaru sun ja, don haka aikin ba ya son jinkiri.